Pemba: Tsibirin Kanumfari Da Masu Yawon Buɗe Ido Ke Tsallakewa

Idan aka ambaci Zanzibar, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne tsohon birnin nan mai ƙananan lunguna da ƙyamaren katako masu sassaƙa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. To amma mai karatu, manyan tsibirai biyu ne suka haɗu ake kiransu Zanzibar: akwai Unguja, inda wancan birni yake, akwai kuma Pemba da ke arewa da ita, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Tanzaniya. Jiragen sama na sauke baƙi dubbai a Unguja, amma ƙalilan ne ke ƙarasawa Pemba, alhali tafiyar ba ta wuce ta rabin awa a ƙaramin jirgi ba. Na samu 'yan kwanaki a can bayan wani taro na masana harsuna, kuma abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, shirun da baƙo ke yabawa a Pemba yana da dalili, kuma ba duka dalilan ne masu daɗin ji ba.

Larabawan dā sun kira ta Jaziratul Khadra'a, wato koren tsibiri, kuma har yau sunan bai tashi a banza ba. Unguja shimfiɗaɗɗiya ce, Pemba kuwa tudu da kwari ce, ga shinkafa a fadamu, ga ayaba da kwakwa da mangwaro a gangare. Mutanenta sun haura rabin miliyan a ƙidayar 2022, kusan dukkansu Musulmi, akasari manoma da masunta. Garuruwanta uku ne masu ɗan girma: Wete a arewa, Chake Chake a tsakiya, sai Mkoani a kudu, inda jiragen ruwa ke tsayawa.

Wanda ya je neman tarihi, to ya fara da Ras Mkumbuu, wani siririn harshen ƙasa da ya kutsa cikin teku yamma da Chake Chake. Hanya mafi sauƙi ita ce ta kwalekwale, kuma sai an duba lokacin cikar teku da janyewarsa. A can za ka tarar da kangon wani babban masallaci na dutse da mihirabinsa a tsaye, da kaburbura masu dogayen ginshiƙai irin na manyan Suwahilawa, waɗanda masana ke ɗorawa a kan ƙarni na 13 da na 14. Da aka yi tono a wurin sai aka gano alamun masallacin da ya riga wannan, tun na ƙarni na 10. Wannan ya sa masana da dama suke ganin nan ne Ƙanbalu, garin da shahararren marubucin nan Al-Mas'udi ya ambata a littafinsa Murujuz Zahab, inda ya ce daga can ya shiga jirgi zuwa Oman a shekarar Hijira ta 304, wato wajen 916 Miladiyya. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne ya ce Musulmin tsibirin da harshen Zanj suke magana, wato harshen baƙaƙen mutanen gaɓar. Ashe ke nan ba zangon Larabawa ba ne kurum, kamar yadda marubutan zamanin mulkin mallaka suka so su nuna game da duk wani ginin dutse a gabashin Afirka. Al'umma ce ta Afirka da ta karɓi Musulunci ta riƙe harshenta, fiye da shekara 400 kafin zamanin Sarkin Kano Yaji.

Wata hujjar kuma ta fito daga Mtambwe Mkuu, ɗan tsibirin da ke daura da Wete. A 1984 aka tono kuɗin azurfa fiye da 2,000 a wurin, tare da wasu 'yan dinarai na daular Fatimiyya ta Masar, na ƙarni na 11. Kuɗin azurfar a yankin aka buga su, ɗauke da sunayen sarakunan wurin. Garin da ke buga kuɗinsa shekara kusan 1,000 da ta wuce, yau ƙauyen masunta ne.

A kudu maso gabashin Chake Chake akwai Pujini, kangon wata fada mai ganuwa ta ƙarni na 15. Mutanen yankin suna danganta ta da wani sarki da suke yi wa laƙabi da Mkama Ndume, ma'ana mai tatsar maza, saboda tsananin zaluncinsa. Labarin baka ya ce yakan sa talakawa su ɗauko duwatsun gini suna jan gindi a ƙasa, kuma matansa biyu tsananin kishi ya sa aka raba musu rijiya don kada su haɗu wurin ɗibar ruwa. Abin da ya rage a wurin bai taka kara ya karya ba: tudun ganuwa, da matakala, da rijiya, shanu na kiwo a gefe. Amma na lura cewa bayan shekara 500, abin da talaka ya adana game da mai fadar shi ne laƙabin nan. Can arewa kuma, a Chwaka, akwai kangayen masallatai da kaburbura na wani gari da ya yi zamani daga ƙarni na 11 zuwa na 16, kusa da ragowar gine-ginen Mazru'awa, gidan sarautar Mombasa da ya riƙe Pemba kafin Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ƙwace ta a shekarun 1820. Turawan Fotugal, da suka yi ƙarni biyu suna kai-kawo a gaɓar, ba su bar abin a zo a gani ba, in ban da wasan sa da ake yi a wasu ƙauyuka, wanda ake ce daga gare su aka gada. A Pemba dai ba a kashe san.

Sai batun kanumfari, wanda shi ne ya yi Pemba ta yau. Asalin itacen daga tsibiran Maluku na Indonesiya yake. An shigo da shi Zanzibar a farkon ƙarni na 19, Sayyid Sa'id kuma ya ƙarfafa nomansa, musamman bayan da ya mayar da fadarsa Zanzibar a 1840. Aka sare dazuzzuka, aka cika gonaki da bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar. A 1872 wata guguwa ta rugurguza gonakin Unguja, ta bar yawancin na Pemba, tun daga nan Pemba ta zama ita ce rumbun kanumfarin. Ba a soke bauta a dokance ba sai a 1897. Har yanzu idan kaka ta yi za ka ga tabarmi a gefen hanya an shanya kanumfari, ƙamshinsa ya cika iska, samari na hawa itatuwa suna tsinkar tohon da hannu. Na tsaya a wani ƙauye na tambayi sunansa, aka ce mini karafuu. Kalmar Larabci ce, ƙaranful, ita ce ta ratsa teku ta zama karafuu, ta ratsa Sahara ta zama kanumfarin da matanmu ke sakawa a yaji da zoɓo. Irin waɗannan tagwayen kalmomi suna da yawa tsakaninmu da Suwahilawa, da ɗan bambanci mai ban sha'awa: su sun ce habari da wakati da kitabu, mu kuwa a waɗannan kalmomi mun haɗiye har da "al" ɗin Larabci, muka ce labari da lokaci da littafi.

To, a nan ne maganar shirun ta shigo. Arzikin kanumfari a Pemba ake noma shi, amma a Unguja aka gina fadoji da shi. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964, wanda ya kifar da sarautar Larabawa, da haɗewa da Tanganyika a watan Afrilun shekarar, sabuwar gwamnati ta ɗauki Pemba a matsayin gidan 'yan adawa, tunda yawancin ƙuri'unta ba jam'iyyar da ta karɓi mulki suka zaɓa ba. Kamfanin gwamnati ya zama shi kaɗai ke da izinin sayen kanumfari, a farashin da ya ga dama, abin da ya sa manoma suka riƙa fasa-ƙwaurinsa zuwa Kenya cikin dare. Da aka dawo tsarin jam'iyyu da yawa, Pemba ta bi jam'iyyar CUF da ɗanta Seif Sharif Hamad a zaɓen 1995 da na 2000. A ƙarshen Janairun 2001 jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zangar ƙin amincewa da zaɓe wuta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 35 da suka mutu, akasari a Pemba, kuma kimanin 2,000 suka tsere zuwa Kenya a kwalekwale. Sai a 2010 aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, kuma a shekarar ne aka ja wa tsibirin wutar lantarki ta ƙarƙashin teku daga Tanga. Saboda haka idan takardun talla suka ce Pemba wuri ne da zamani bai ɓata ba, ni abin da nake karantawa shi ne wurin da aka daɗe ba a kai wa titi da asibiti da masana'anta ba. Shi ya sa 'ya'yanta suka watsu a Unguja da Dar es Salaam da Mombasa da Oman suna kasuwanci.

Ko a fagen harshe haka abin yake. A 1928 wani taro da Turawan Ingila suka kira a Mombasa ya zaɓi Kiunguja, karin harshen birnin Zanzibar, ya zama daidaitaccen Suwahili. Karin Mombasa da na Lamu, waɗanda da su aka rubuta tsofaffin waƙoƙin ajami, suka koma gefe, balle Kipemba, wanda ɗan birni ke ji ya yi murmushi. Bahaushen da ya san yadda Kananci ya zama Hausar boko alhali tarin waƙoƙin masu jihadi da Hausar yamma aka rubuta su, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ba na cikin masu ganin daidaita harshe laifi ne, domin ba a buga littafin makaranta da karin harshe goma. Sai dai wanda ke neman tsofaffin siffofin harshe, a ƙauyen da mota ba ta cika zuwa ba yake samunsu.

Ga mai son kallon halitta, akwai dajin Ngezi a ƙuryar arewa maso yamma, ragowar kurmin da ya tsira daga gatarin masu kanumfari, da farin rairayin Vumawimbi a bayansa, inda masunta sun fi baƙi yawa. A Kidike akwai dubban jemagun Pemba, masu jan ƙirji da fukafukan da faɗinsu ya haura mita ɗaya da rabi. Babu irinsu a ko'ina a duniya, kuma sun kusa ƙarewa saboda farauta kafin ƙauyuka su kafa ƙungiyoyin kare su a shekarun 1990. Sai tsibirin Misali, wanda ake danganta sunansa da msala, wato dardumar salla. A can ne aka gwada jawo hankalin masunta su bar kamun kifi da nakiya ta hanyar malamai da huɗubar Juma'a, a kan cewa ɗan Adam halifa ne da aka ba amanar ƙasa, bayan da dokar gwamnati ita kaɗai ta gaza.

Shirun dai ya kama hanyar ƙarewa. Gwamnatin Shugaba Hussein Mwinyi, da ta hau mulki a 2020, ta shiga bayar da hayar ƙananan tsibirai ga masu gina otal, a 2023 kuma aka sanar da rancen faɗaɗa filin jirgin saman Pemba da gyaran manyan hanyoyinta. Ban ga dalilin da baƙo irina zai yi baƙin ciki da titi ba, tunda ba matarsa ce za ta yi naƙuda a kan hanyar Wete ba. Damuwata ita ce abin da ya faru a gaɓar arewacin Unguja, inda otal-otal suka mamaye bakin teku, masunta suka rasa wurin jan kwalekwale, ƙananan ayyuka suka zama rabon 'yan gari. Kangayen Ras Mkumbuu da Chwaka a bakin ruwa suke, wato a daidai irin filin da mai otal ke nema, kuma teku ma ya riga ya fara cin gefen na farkon.