Wasan Kwaikwayo Ba A Takarda Yake Rayuwa Ba

Ina aji uku a jami'a shugabannin ƙungiyar ɗaliban Hausa suka ɗora mini nauyin shirya wasan da za a rufe Makon Hausa da shi. Ban taɓa ba da umarni a dandali ba. Dalilin zaɓena kawai shi ne na ci jarrabawar darasin wasan kwaikwayo da maki mai kyau. Na ɗauki Uwar Gulma na Mohammed Sada, ina ganin littafin da na sani ciki da bai ba zai wahalar da ni ba.

Ranar farko ta gwaji na gane kurena. 'Yan wasa suka jeru kamar masu jiran ganin likita, kowa na karanto nasa kaso. Wanda ya fito a Hayatu ya juya wa kujerun 'yan kallo baya, muryar Halima kuwa ba ta wuce sahu na uku. Littafin bai faɗa mini inda kowa zai tsaya ba, balle tsawon shirun da ya kamata mace ta yi bayan miji ya ci mutuncinta. Wannan duka aikin mai ba da umarni ne, kuma babu wanda ya koya mini shi a aji.

Saura kwana tara a yi wasa, mahaifin ɗalibar da ta fito a Halima ya ce 'yarsa ba za ta hau dandali ba. Na je har zaurensa na durƙusa na ce, "Baba, ga littafin, a duba. In an ga abin ƙi a ciki, mun haƙura." Bayan kwana biyu ya aiko cewa ya amince, da sharaɗin yayanta zai raka ta. A nan na koyi cewa yardar iyaye ma tana cikin shirin wasa.

Daren wasan, muna tsaka da fitowa ta uku aka ɗauke wuta. Muka jera fitilun ƙwai huɗu a bakin dandali, aka ci gaba. Cikin wannan ɗan haske na ji mata daga baya suna yi wa Hayatu Allah wadai, kamar maƙwabcinsu ne. Sai a daren na fahimci littafin da na ci jarrabawa a kansa.

Yau ni ke koyar da darasin, kuma abin da nake gani yana damuna. Ɗalibi zai kawo maka jigo da salo da zubi da tsarin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, alhali bai taɓa ganin ko ɗaya a dandali ba. Wasu kan ce ai ga finafinan Kannywood. Amma a fim, in an yi kuskure sai a sake ɗauka. A dandali kuwa ɗalibi na koyon ɗaga murya, da kiyaye lokaci, da rufa wa abokin wasansa asiri nan take in ya manta magana. Malamin makaranta da ɗan jarida duk suna bukatar wannan horo.

Ba baƙon abu nake kira gare shi ba. Da tashe muka tashi a watan azumi, kuma tun 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin wasan dandali. Don haka ina roƙon sassan koyar da Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su wajabta wa kowane aji gabatar da wasa ɗaya kafin kammala karatu, a kuma ba shi maki kamar jarrabawa. Rashin zaure ko kuɗi ba hujja ba ce. Mu da tabarma uku da fitilun ƙwai muka yi namu.