Yajin Aikin 'Yan Kantin Dublin

Masu karatunmu da yawa sun san labarin mulkin wariyar launin fata da Turawan Afirka ta Kudu suka kafa a 1948, wanda ya hana baƙar fata ƙuri'a, ya ƙayyade musu wurin zama, ya kuma tilasta musu yawo da takardar fasi cikin ƙasarsu. Sun kuma ji labarin Sharpeville, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69 ran 21 ga Maris 1960. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rawar da waɗansu ƙananan ma'aikatan kanti na ƙasar Ailan suka taka wajen yaƙar wannan zalunci. Labarinsu mu ke so mu kawo yau.

A 1984 ƙungiyar ma'aikatan kantuna ta Ailan ta umurci 'ya'yanta kada su sayar da kayan Afirka ta Kudu. Ran 19 ga Yuli na wannan shekara, a kantin Dunnes da ke Titin Henry cikin birnin Dublin, wata mata ta kawo wani irin babban lemo mai ɗaci na Afirka ta Kudu wurin biya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi, Mary Manning, mai shekara 21, ta ba ta haƙuri, ta ce ba za ta karɓi kuɗinsa ba. Manyan kantin suka dakatar da ita daga aiki. Nan take abokan aikinta wajen su goma suka fita tare da ita, suka tsaya a bakin ƙofa suna roƙon jama'a kada su shiga.

Da fari sun zaci abin mako ɗaya ne ko biyu. Ashe shekara biyu da wata tara za su yi a bakin ƙofar nan, cikin ruwa da sanyi. Albashi ya yanke, sai fam 21 da ƙungiya ke ba kowa a mako. Duk mai albashi, ko akawu ko malamin makaranta, ya san abin da wannan ke nufi ga mai kuɗin haya a wuyansa. Waɗansu masu wucewa suka riƙa zaginsu, waɗansu abokan aiki kuwa suka ci gaba da aikinsu.

Su da kansu sun faɗa cewa sa'ad da suka fara ba su san kome sosai game da Afirka ta Kudu ba, umurnin ƙungiya kurum suka bi. Wanda ya buɗe musu ido shi ne Nimrod Sejake, wani tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙungiyar ma'aikata, wanda aka yi wa shari'ar cin amanar ƙasa tare da Nelson Mandela tun 1956, ya kuma yi gudun hijira zuwa Ailan. Kullum sai ya zo ya tsaya tare da su, yana ba su labarin halin da mutanensa ke ciki. Daga nan abin ya tashi daga biyayya ga ƙungiya ya zama nasu na zuci.

A watan Disamba 1984 Bishop Desmond Tutu, kan hanyarsa ta zuwa karɓar kyautar Nobel ta zaman lafiya, ya gana da wakilansu a Landan, ya kuma gayyace su su zo su gani da idonsu. Suka tafi a watan Yuli 1985, amma ba su wuce filin jirgin sama na Johannesburg ba. Aka tsare su da masu bindiga, aka komo da su. Wannan kora ta yi musu rana, domin jaridun duniya suka ɗauki labarin, mutanen Ailan kuma suka fara tambayar abin da ya sa Gwamnati mai sojoji ke tsoron 'yan kanti. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da surutu ya yi yawa, Gwamnatin Ailan ta hana shigo da 'ya'yan itace da kayan lambu na Afirka ta Kudu daga farkon 1987. A watan Afrilu na shekarar aka janye yajin. Mandela ya fito daga kurkuku a watan Fabrairu 1990, kuma da ya ziyarci Dublin cikin wannan shekara ya sadu da su, ya gode musu. A 1994 aka yi zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a, ya zama shugaban ƙasa.

Ba mu ce lemon Dublin ne ya rushe wariya ba. Mutanen Afirka ta Kudu ne suka biya wannan da jininsu. Amma mulkin nan da ciniki ya ke rayuwa, ciniki kuwa sai ya bi ta hannun ƙaramin ma'aikaci kafin ya kai ga mai saye. Yaran nan sun gane haka, suka janye nasu hannun, suka jure asarar da ta biyo baya har Gwamnatinsu ta bi sawunsu.