"Yaro Ne, Zai Manta": Tabon Ƙuruciya Da Ke Bin Mutum Har Gidan Yari

A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah a jihar Sakkwato, suka kashe mutum fiye da 30. Waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, mata da goyo, yara ko takalmi babu. A Oktoban 2021 kuma aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, rayuka fiye da 40 suka salwanta. Daga Rara har Wurno babu wanda ya manta waɗannan ranaku. An ƙirga gawawwaki, an ƙirga shanun da aka kora, an raba hatsi da tabarmi. Yaran da suka ga komai da idonsu kuwa, in aka tayar da zancensu sai manya su ce: "Yaro ne, zai manta."

Duk wanda ya zauna da irin waɗannan yara ya san ba haka abin yake ba. Za ka ga yaro yana wasa, da ya ji rugugin babura sai ya zubar da abin da ke hannunsa ya nemi maɓoya. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Wani ya zama mai saurin hannu, kafin a ce kwabo ya kai duka. Likitoci sun bayyana dalili. Idan tsoro ya kama mutum, jiki na sakin sinadaran da ke shirya shi gudu ko faɗa, daga baya su lafa. Amma yaron da ke kwana da fargaba ya tashi da ita, nasa ba sa lafawa. Sashen ƙwaƙwalwa mai hango haɗari sai ya zama kullum a farke, alhali sashen gaba, mai sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20.

Ba harin 'yan bindiga kaɗai ke barin wannan tabo ba. Dukan da ya wuce tarbiyya, fyaɗe, zagi da wulaƙanci, rashin kulawa, tashi a gidan da uba ke jibgar uwa, duk suna ciki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

A Amurka aka fara auna illar abin da kyau. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka tambayi mutum fiye da 17,000 game da wahalhalun ƙuruciyarsu, sannan suka duba lafiyarsu. Waɗanda suka sha iri huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu, yiwuwar sun taɓa yunƙurin kashe kansu ta ninka ta waɗanda ba su sha ko ɗaya ba wajen sau 12. A 2018 kuma aka yi wa fursunoni maza 468 irin waɗannan tambayoyi a wani kurkuku a yankin Wales na Birtaniya. Kashi 46 cikin ɗari sun sha iri huɗu ko fiye, alhali a cikin sauran jama'a kashi 12 ne kawai.

Wannan ba ya nufin duk yaron da ya wahala zai zama mai laifi. Mafi yawansu suna girma su riƙe gidajensu lafiya. Sai dai in bango ya tsage, ƙadangare na samun wurin shiga. Matashin da barci ya ƙaurace wa yakan nemi sauƙi a tiramol ko wiwi, daga nan sai faɗa ko sata, sai ofishin 'yan sanda, sai gaban alƙali.

To, a duba darensa na farko a gidan kaso. An karɓe kayansa, an laluba jikinsa, gandiroba ya daka masa tsawa, ƙofar ƙarfe ta rufu. Ga wani ɗaurarren wannan wahala ce kawai. Ga wanda aka taɓa kullewa a ɗaki ana duka yana ƙarami, ko wanda ya taɓa laɓewa a rumbu yana jin ihun mahaifinsa, tsohon miki ne aka fama. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin cewa kwanakin farko na tsarewa, da lokutan zuwa kotu, su ne mafi haɗarin ɗaurarre ya kashe kansa. Wani nazari da masana na jami'ar Oxford suka fitar a 2021 ya lissafa abubuwan da ke ƙara haɗarin: taɓa yin yunƙurin a baya, taɓin hankali, zama a ɗaki shi kaɗai, rashin masu ziyara, da zaman jiran shari'a. A Najeriya kuwa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi. Mutumin Rara da aka tsare a Sakkwato, iyalinsa sai sun haɗa kuɗin mota, sun kuma yi shahadar bin hanya, kafin su leƙo shi.

Doka ma ba ta sauƙaƙa ba. Sashe na 231 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Addini ya haramta aikin, jama'a na kallonsa abin kunya, don haka wanda tunanin ke damunsa sai ya haɗiye. Amma haramcin aiki bai hana a saurari mai ciwo ba, balle a kai shi ga magani.

Akwai abin da aka fara. A 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Saura aiki. Ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba kafin ma'aikacin lafiya ya keɓe sabon ɗaurarre ya tambaye shi a natse: "Kana samun barci? Ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, hasali ma takan buɗe masa baki. A kurkukun Swansea da ke Wales, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 15 a 1990, ƙungiyar agaji ta Samaritans ta fara horar da fursunoni su riƙa sauraron 'yan'uwansu, tsarin ya bazu a Birtaniya. Mu da muke da limamai da dattawa a cikin ɗaurarrun kansu, wannan ba zai gagare mu ba.

Rigakafin dai tun daga gida yake. Masana sun yi ittifaƙi cewa babu abin da ke kare yaron da ya firgita kamar babba guda mai riƙe shi da amana, ko kaka ce, ko kawu, ko malamin allo. Yaron da yake shekara goma ranar harin Tabanni, 2026 ce shekararsa ta 18. Gara a zauna da shi yanzu a ji abin da ya gani, tun kafin ya zama sai a takardar tuhuma za a fara rubuta sunansa.