Dokar Hasashen Yanayi da Na'urar Hangen Hadari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san halin hadarin farkon damina. Da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik. Kafin mata su gama kwashe shanya sai guguwa ta taso, ta yaye kwanon ɗaki, ta karya rassan darbejiya, wani lokaci ma har ta ɗauke rufin aji. Iyayenmu suna da alamominsu. Suna duban zuwan shamuwa, da lokacin da gawo ya soma zubar da ganye, malamai kuma suna lissafin taurari irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Waɗannan sukan nuna wa manomi inda damina ta kai, amma ba za su gaya masa cewa yau da ƙarfe biyar iska za ta kayar masa da danga ba. Wannan aikin na'ura ne. Na'ura kuwa sai da hukumar da za ta riƙe ta, ita kuma hukuma sai da doka.

An fara auna yanayi a ƙasar nan tun 1887 a Akassa, can bakin teku, a Kano kuwa ana rubuta yawan ruwan sama tun 1905. Shekara da shekaru aikin yana hannun wani sashe ne na ma'aikatar gwamnati. Sai a 2003, zamanin Shugaba Obasanjo, Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet. Dokar ta ɗora mata kafa tashoshin awo, da ba matuƙa jirgin sama labarin yanayi, da yi wa manoma da sauran jama'a gargaɗi. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta farko, ta kuma ƙara wa hukumar ikon sa ido a kan masu kafa tashoshin awon yanayi.

Abin baƙin ciki, sai da aka yi asarar rayuka kana hankali ya koma kan na'urori sosai. Ran 10 ga Disamba, 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makarantar sakandare ne kamarmu, suna hanyar zuwa hutu. Ran 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi yana tashi daga Abuja, a cikinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya riga mu gidan gaskiya. A duka biyun masu bincike sun ambaci wata muguwar iska mai juyawa farat ɗaya a ƙarƙashin hadari.

To, yaya na'urar hangen hadari, wadda ake kira rada, take aiki? Wani babban faifai ne a bisa hasumiya, yana juyawa dare da rana, yana harba igiyar rediyo cikin sararin sama. In igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara sai ta dawo, kamar yadda murya kan dawo wa wanda ya yi kira cikin rijiya. Daga jinkirin dawowar ake gane nisan hadari, daga ƙarfinta kuma ake gane yawan ruwan da ya ɗauko. Akwai irin wadda ta ci sunan Doppler, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana asirin abin a 1842. Ka lura, ya mai karatu, in mota ta nufo ka tana ham a kan titin Kano zuwa Gwarzo, ƙarar takan yi tsini, in ta wuce kuma sai ta yi kauri. Da irin wannan canji ne na'urar take gane ko iska tana tahowa ko tana tafiya, da kuma irin gudunta.

Sai dai ita ma tana da iyaka. Igiyar a miƙe take tafiya, duniya kuwa a mulmule take, saboda haka bayan kilomita ɗari biyu da 'yan kai sai ta bi ta saman hadarin da yake kusa da ƙasa. Amurka tana da irin waɗannan na'urori wajen 160, duk da haka a 2017 majalisarta ta yi dokar da ta umarci a binciko wuraren da ba sa hangowa. Mu a nan guda shida aka tsara: Abuja, Legas, Fatakwal, Yola, Maiduguri da Kano. Shida ga ƙasa irin Nijeriya ai cin tuwo ne da tsinke, domin Sakkwato ma ta fi ƙarfin hangen ta Kano.

Mu dai mun yi sa'ar wuri. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, sau da yawa da gudun kamar kilomita 50 a sa'a, Gwarzo kuwa wajen kilomita 70 take daga birni. Ashe ke nan in akwai rada mai aiki a Kano, za ta ga hadari tun yana ƙasar Jigawa, kafin ya iso Kabo, balle Gwarzo.

A farkon kowace shekara NiMet takan fitar da hasashen damina, har da fassarar Hausa, inda take faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Wannan yana da amfani ga mai tunanin yin binne, kada ya zuba irinsa na gero ya ƙone a ƙasa. Amma gargaɗin guguwa ba ya jiran gobe. A ganina nan ne ya kamata 'yan majalisarmu su ƙara gyara, a wajabta wa gidajen rediyo da kamfanonin waya su isar da shi nan take, da Hausa. Sa'a guda ta isa a koro dabbobi gida, a sallami yara daga makarantar allo, masunta kuma su fito da kwale-kwalensu daga madatsar Guzuguzu.