«Démarrer» ta yi ƙaura, hannu bai samu labari ba

Tun fitowar Windows 95 a shekarar 1995, duk mai aiki da kwamfuta ya san ƙofar shiga: alamar «Démarrer», can ƙasa a kusurwar hagu. Da ita muka koyi aiki a biro-biro da gidajen intanet na Maraɗi da Damagaram.

A 2012 kamfanin Microsoft ya cire ta daga Windows 8. Da kukan jama'a ya yi yawa aka maido ta a 2013. Sai ga Windows 11 a 2021 ya kai ta tsakiya.

Ga sakataren da ake biya shafi-shafi, abin ba wasa ba ne: hannu na lalube inda ya saba, mai takarda na tsaye yana jira. Kuma ba makawa mu saba, tunda ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya tsayar da kulawar da ya saba ba Windows 10.

Amma akwai sauƙi. Cikin «Paramètres», sashen «Barre des tâches», ana iya maida alamar hagu. Abin da ya fi ma, mu danna maɓalli mai tambarin Windows, mu rubuta sunan abin da muke nema. Wannan hanyar tana nan tun Windows Vista, a 2007.