Zanen Tafiyar Aiki: Daga Layin Awon Yara a Mashi Zuwa Kasuwa da Ofis

A cibiyoyin kula da yara masu tamowa, irin waɗanda ke ƙaramar hukumar Mashi a jihar Katsina, ma'aikacin lafiya ba ya yanke hukunci da ka. Uwa ta kawo yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, sai a zagaya tsakiyar damtsensa da wani siririn tef mai launi uku. Idan awon ya kai santimita 12.5 zuwa sama, kore ne. Tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa ne. Ƙasa da 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Daga nan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa a ga ko akwai kumburi, sannan a ba shi ɗan kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka haɗa musamman don irin waɗannan yara, a ga ko zai ci. In ya ci, kuma babu wata cuta mai haɗari tare da shi, a buɗe masa kati, a ba uwa abincin da zai kai su ranar dawowa, su koma gida. In ya ƙi ci, ko yana ta amai, ko numfashi na yi masa wuya, a tura shi asibitin da ake kwantarwa ba tare da ɓata lokaci ba.

Wannan jeri ba don ƙawa aka tsara shi ba. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda aka fi sani da Na Gari Na Kowa, tana aiki a jihar Katsina tun 2021, kuma Mashi na cikin wuraren da take da cibiya. A watan Yulin 2025 ta bayyana cewa tun daga farkon shekarar ta duba yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar, kuma 652 daga cikinsu sun rasu a cibiyoyinta saboda ba su samu kulawa da wuri ba. Inda jama'a suka yi yawa haka, ga ma'aikata kaɗan, dole kowa ya san matakin da ke bin wani, da wanda alhakinsa ke wuyansa, da inda hanya ta rabu biyu.

Abin da aka bayyana ɗin nan shi masana harkar gudanarwa ke kira tafiyar aiki: yana da mafari, yana da matakai, yana da wuraren yanke shawara, yana da ƙarshe. Buɗe asusu a banki tafiyar aiki ce. Haka neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da biyan kuɗin kujerar aikin Hajji, da loda motar gero daga kasuwa. Bambancin kawai shi ne ma'aikatan lafiya sun daɗe da rubuta tasu a takarda suna bi, yayin da a ofisoshi da shaguna da yawa tafiyar aikin tana cikin kan mutum ɗaya ko biyu. Ranar da suka yi tafiya, aiki ya tsaya. Don magance wannan ne duniya ta amince da wasu alamomi na bai-ɗaya da ake zana tafiyar aiki da su, kuma mafi shahara a yau shi ne tsarin da ake kira BPMN.

Daga magini zuwa ƙa'idar duniya

Tarihin ya faro ne daga wani Ba'amurke, Frank Gilbreth, wanda ya soma neman abinci da aikin jera bulo. Ya lura kowane magini da yadda yake motsa jikinsa, ya zauna ya ƙirga, har ya rage motsin da ake yi wajen ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa kusan biyar. A 1921 shi da matarsa Lillian, masaniyar halayyar ɗan Adam, suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka hanyar zana matakan aiki a kan takarda. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: na aiki, na ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri, na dubawa, na ajiya, da na jira. Ba jira alamarsa ta kansa babban ci gaba ne, domin da zarar an zana, sai a tarar sau da yawa takarda ta fi daɗewa a kwance kan tebur fiye da lokacin da aka yi ana aiki a kanta.

A wannan shekara ta 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka yi amfani da irin wannan zane wajen tsara umarnin kwamfuta. Daga baya zane-zanen suka yawaita, kowane kamfani da nasa salo, har ya zama wanda ya ƙware a na wannan ma'aikata ba ya gane na waccan. Wata ƙungiya mai suna BPMI ta ɗauki nauyin haɗa kan alamomin, Stephen White na kamfanin IBM ya jagoranci rubutun, aka fitar da BPMN na farko a watan Mayun 2004. A 2005 BPMI ta haɗe da ƙungiyar OMG, wadda ke kula da tsarin har yau. Bugu na 2.0 ya fito a Janairun 2011, sannan a 2013 hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya ta karɓe shi da lamba ISO/IEC 19510.

Alamomin da kansu

Abubuwa huɗu ne ginshiƙi. Da'ira tana nufin wani abu ya faru: mai siririn baki mafari ce, mai kaurin baki ƙarshe ce, mai baki biyu kuma abin da ya faru a tsakiyar tafiya. In aka sa hoton agogo a cikinta, lokaci ake jira. In ambulan ne, saƙo ake jira. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi aiki ne da wani zai yi, kuma a cikinsa ake rubuta aikin a taƙaice: auna damtse, buɗe kati, ɗinke buhu. Murabba'in da aka tsayar a kan kusurwa ɗaya mararraba ce. Mai alamar X a ciki tana cewa hanya ɗaya tak za a bi daga cikin waɗanda ke gaba. Mai alamar tarawa tana cewa duka hanyoyin za a bi a lokaci guda. Sai kibiya: miƙaƙƙiya tana nuna abin da ke bin wani, mai tsinke-tsinke tana nuna saƙo tsakanin ɓangarori biyu da ba a ƙarƙashin shugabanci ɗaya suke ba.

Kowane ɓangare, asibiti ne ko shago ko banki, ana zana masa babban fili nasa, a raba filin gida-gida a kwance kamar kunyoyin gona, kowane ma'aikaci da tasa kunyar, wato layinsa. Duk akwatin da ya faɗa cikin kunyar mutum, aikinsa ne, ba gardama.

Jadawalin da ma'aikatan lafiya ke bi ba da BPMN aka zana shi ba, amma yana shiga cikinsa daidai. Da'irar farko ita ce isowar uwa da yaro. Akwatin awo yana layin mai awo. Mararraba mai X ta raba kore da ruwan ɗorawa da ja. Gwajin cin abinci yana layin ma'aikacin jinya, bayansa wata mararraba: gida ko asibiti. In gida ne, da'ira mai agogo tana jiran ranar dawowa, kibiya ta koma kan akwatin awo, a yi ta zagayawa har yaro ya warke, a rufe da da'ira mai kauri. In asibiti ne, kibiya mai tsinke-tsinke ta fita daga filin cibiya ta shiga filin asibiti ɗauke da takardar turawa. A daidai wannan kibiya mai zane zai tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai tabbatar uwar ta isa, alhali tana iya rasa kuɗin mota, ko tana jiran izinin maigida, ko ta bar wasu yaran a gida? Takarda ba za ta amsa ba, amma ta nuna gurbin ƙarara yadda ba wanda zai ce bai gani ba.

A bakin kasuwa

Mashi gari ne na noma da kasuwanci a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ga iyakar Nijar a arewa, don haka misalin hatsi ba baƙo ba ne. A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau ta Kano ya bugo waya yana son buhu ɗari na wake. Fili uku za a zana: na mai saye, na mai sayarwa, da na direba. A filin mai sayarwa akwai layin maigida, da na yaron da ke awo, da na 'yan dako. Wayar ita ce da'ira mai ambulan. Bayan an yi ciniki, mararraba mai alamar tarawa ta raba aiki biyu: ana awo da ɗinkin buhu, a lokaci guda ana neman mota a tasha, kuma ba a fara lodi sai duka biyun sun kammala. Kafin mota ta tashi akwai wata mararraba: kuɗi sun shigo asusu ko ba su shigo ba? In ba su shigo ba, agogo ya jira zuwa la'asar, sannan a sake kiran mai saye.

Kowane ɗan kasuwa ya san wannan a kansa. Amma da an shimfiɗa shi a takarda sai tambayoyin da ke jawo rigima su fito tun kafin rigimar. Wa ke duba ko waken na da ƙwari ko tsakuwa, kuma kafin ɗinki ne ko bayansa? La'adar dillali a kan wa take? In ruwan sama ya taɓa kaya a hanya, daga wane akwati alhaki ya bar hannun mai sayarwa ya koma na direba? Maigidan da ke son buɗe rumbu na biyu, ko ya bar wa ɗansa ragama ya tafi Umara, zai iya miƙa takarda guda maimakon dogon bayanin da rabi zai zube.

Bugu na 2011 ya ƙara wani abu: ana iya adana zanen a fayil na bai-ɗaya da manhajoji daban-daban ke karantawa, har kwamfuta ta riƙa tafiyar da aikin da kanta, tana tura wa kowane ma'aikaci nasa rabon, tana kuma tuna masa in lokaci ya ƙure. Bankuna da kamfanonin inshora da na sadarwa a ƙasashe da dama haka suke aiki. Mai son gwadawa zai samu manhajoji irin su draw.io da bpmn.io kyauta a intanet, akwai kuma Camunda da Bizagi, sai Visio na kamfanin Microsoft.

Haƙƙin mai zuwa ofis

Inda talaka ya fi buƙatar wannan ilimi shi ne ofishin gwamnati. Wanda bai san mataki nawa ke gabansa ba shi ake yi wa "dawo gobe", shi kuma ake nuna wa cewa sai ya ba da na goro kafin fayil ya motsa. Gwamnatin tarayya ta amince da wannan matsala a rubuce. A watan Mayun 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin zartarwa na farko, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya su wallafa duk sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace hidima, kuma in wa'adin ya wuce ba amsa, a ɗauka an amince da buƙatar. A Fabrairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci da ta mayar da waɗannan tanade-tanade doka. Hukuma ba za ta iya faɗin wa'adi na gaskiya ba sai ta san tebur nawa takarda ke ratsawa da kwana nawa take yi a kowane, kuma zane shi ne hanya mafi sauƙi ta sanin haka.

Akwai iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Zane ba ya kawo magani a kanti, ba ya biyan albashi, ba ya gyara wanda ya yi niyyar cuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne shugaba ya zauna a ofis ya zana yadda yake so aiki ya kasance, ba yadda yake a zahiri ba. Zane mai amfani sai an tambayi masinja da akawu da mai gadi, domin su suka san inda fayil ke kwana. Kuskure na biyu shi ne cika takarda da alamomi don nuna ƙwarewa. A 2008 wasu masana biyu, Michael zur Muehlen da Jan Recker, sun duba zane 120 na BPMN, suka tarar a matsakaici alama tara kacal kowane zane ya yi amfani da ita. Wannan labari ne mai daɗi ga mai koyo: da'ira, akwati, mararraba, kibiya da layuka sun ishe shi farawa, kuma ba abin da ya hana a rubuta abin da ke cikin akwatunan da Hausa, da boko ko da ajami.

Masu iya aikin ba su da nisa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da takwararta ta tarayya a Daura, suna yaye ɗaliban kwamfuta da na gudanar da kasuwanci, kuma ɗalibi ɗaya da takarda da fensir zai iya zana hidimar ofis guda cikin 'yan kwanaki in an ba shi dama ya yi tambaya. Ya kamata majalisar ƙaramar hukumar Mashi da sauran na shiyyar Daura su zaɓi hidimomi uku da jama'a suka fi zuwa nema, su sa a zana su da Hausa tare da kuɗin kowane mataki da wa'adinsa, a manna a ƙofar sakatariya inda kowa zai gani. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin manoma su ma su yi haka da nasu cinikin, tun kafin kaka mai zuwa.