Ina ungulayen biranenmu suka tafi? Kalmomin kare namun daji da ya kamata ku sani

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ko Maraɗi shekara talatin zuwa arba'in da suka wuce zai tuna yadda mahauta ke kasancewa da hantsi. Ungulaye ne jere a kan katanga da rufin kwano, wasu a ƙasa suna tsalle-tsalle a bayan masu fiɗa, suna jiran a jefar da abin da ba a so. Babu mai kula su, kuma ba mai kallonsu a matsayin namun daji, domin sun zama 'yan gari kamar hankaka da kurciya.

A yau mutum zai iya wuni a mahautar babban birni a arewacin Najeriya bai ga ko ɗaya ba. Akwai matasa da yawa da ba su san ungulu ba sai a karin magana.

A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya irin wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a doron ƙasa. Labarinta hanya ce mai sauƙi ta fahimtar kalmomin da masana kare namun daji ke yawan amfani da su, da kuma abin da ya sa batun ya shafi mazauna birni, ba mafarauta da masu gadin daji kaɗai ba.

Nau'i da bambancin halittu

Kalma ta farko ita ce nau'i, wato rukunin halittu masu kama da juna waɗanda ke iya hayayyafa a tsakaninsu. A Hausa ana cewa ungulu a dunƙule, amma masana sun raba su nau'i-nau'i. A nahiyar Afirka akwai nau'i 11, kuma wadda aka saba gani a kasuwa da mahauta, mai siririn baki da jajayen fuska, ɗaya ce kawai daga cikinsu. Wasu sun fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma a daji suke zama.

Bambancin halittu kuwa yana nufin yawan nau'o'in abubuwa masu rai da ke wuri guda, daga bishiyoyi da tsuntsaye har ƙwari da kifaye da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Unguwar da ke da tsamiya da ɗorawa da ceɗiya da maɗaci ta fi wadda aka cika da dogon yaro zalla arzikin halittu, ko da yawan itatuwansu ɗaya ne, saboda kowace bishiya da irin tsuntsaye da ƙwarin da take ciyarwa.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya kan wannan batu a birnin Rio de Janeiro na Brazil a 1992, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Ranar 22 ga Mayun kowace shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin tunawa da shi.

Mazauni: abin da sunayen unguwanni ke faɗa

Mazauni shi ne wurin da halitta ke samun ci da sha da mafaka da inda za ta yi ƙwai ko ta haihu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kau, zaman ya ƙare, ko da ba wanda ya ɗaga gwafa ya harbe ta.

Ungulu a kan dogayen bishiyoyi take yin sheƙa, irin su rimi da giginya da maɗaci da kuka. Irin waɗannan bishiyoyi ne ake fara sarewa idan za a faɗaɗa titi ko a yanka filaye.

Sunayen wurare kansu shaida ne. A Kano akwai Kasuwar Rimi da Kurna da Ɗorayi da Giginyu, a Kaduna akwai Unguwar Rimi, duk sunayen itatuwa. Sunan Kaduna ma ana danganta shi da kadojin da ke cikin kogin da ya ratsa garin. A wurare da dama sunan ne kawai ya rage.

Haka kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda suka samu daga haƙar ƙasar gini tun zamanin da. Su ne mazaunin kwaɗi da kifaye da tsuntsayen ruwa, kuma su ne ke shanye ruwan sama idan damina ta kankama. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini, ruwan kuma sai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane.

Akwai wata kalmar da ke tafiya tare da wannan, wato tsinkewar mazauni. Ita ce a ce dajin bai ƙare gaba ɗaya ba, amma tituna da gine-gine sun yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta yadda dabbar da ke wannan yanki ba ta iya kai wa ga 'yar'uwarta da ke wancan. Shi ya sa masu tsara birane ke maganar barin zirin itatuwa a gefen tituna da bakin rafuka, domin ya zama hanyar da tsuntsaye da ƙananan dabbobi za su riƙa bi.

Aikin da halittu ke yi wa mutane kyauta

Masana na kallon kowane wuri a matsayin tsarin rayuwa guda, inda tsirrai da dabbobi da ƙasa da ruwa suka dogara da juna. Daga cikin wannan tsari mutane ke samun wasu hidimomi da ba sa biyan ko sisi.

Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce. Ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtuka da dama da ke jikin mushe, kuma garkensu kan cinye gawar dabba kafin ta ruɓe ta gurɓata ruwa. Da ma Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza.

Indiya ce ta fi kowa sanin darajar wannan aiki, bayan ta rasa shi. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka fara mutuwa ba ƙaƙƙautawa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Daga baya aka gano cewa maganin kashe zafi na diclofenac da ake yi wa shanu allura da shi ne ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushensu. Gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan mushe ya yi ta taruwa, karnukan da ba su da masu su sun yawaita, cutar cizon mahaukacin kare ta ƙaru.

Wani nazari da masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulayen ya janyo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 zuwa 2005.

Halittar da gushewarta ke girgiza sauran tsarin haka, masana kan ɗauke ta a matsayin ginshiƙi.

Jemage ma yana cikin masu irin wannan hidima, duk da ƙyamar da ake yi masa. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, irin waɗanda ke cika bishiyoyin tsakiyar birnin Accra na Ghana, suna tafiyar kilomita masu yawa a dare guda, suna watsa irin bishiyoyi a inda suka bi. Shamuwa kuma, wadda zuwanta ke shaida wa manomi cewa damina ta kusa, fara da ƙwari take ci. Idan rani ya shigo takan yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin Afirka, don haka kare ta ba aikin ƙasa ɗaya ba ne.

Jan kundi da matakansa

IUCN, wadda aka kafa a 1948, tana da wani kundi da ake kira Jan Kundi, wanda aka fara a 1964. A ciki ake auna kowane nau'i a ajiye shi a matakin da ya dace.

Akwai waɗanda babu damuwa a kansu, sai waɗanda suka kusa shiga barazana. Daga nan sai matakai uku na haɗari: masu rauni, masu fuskantar barazanar ƙarewa, da waɗanda ke dab da ƙarewa. Bayansu akwai waɗanda suka ƙare a daji sai a gidajen ajiye dabbobi kawai, sannan waɗanda suka ƙare ƙurmus.

Ungulun cikin gari tana mataki na ƙarshe kafin ƙarewa a daji. Gauraka, tsuntsu mai tukku kamar rawanin zinare da ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Najeriya, yana cikin masu rauni a duniya, amma a cikin Najeriya ganinsa a daji ya zama abu mai wuya ƙwarai. Wannan shi ake kira ƙarewa a yanki: nau'in yana nan a wasu ƙasashe, amma ya ɓace daga inda aka san shi.

Me ke kashe su?

Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya duba nau'o'in ungulu takwas na Afirka, ya gano cewa sun ragu da kashi 62 cikin 100 a jimlace cikin shekara 30. Daga cikin mace-macen da aka ƙirga, guba ce ta haddasa kusan kashi 61, cinikin sassan jikinsu don haɗa magungunan gargajiya da tsibbu kuma ya ɗauki kashi 29.

A Afirka ta Yamma wannan cinikin ne ya fi ƙarfi, kuma kasuwannin Najeriya na cikin manyan wuraren da ake kai kawuna da ƙafafu da fuka-fukan tsuntsun. A farkon 2020 an tarar da gawar ungulaye fiye da 2,000 a Guinea-Bissau, waɗanda aka kashe da guba, da yawansu an cire musu kai.

Abin da ya sa asarar ke da wuyar cikewa shi ne ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, kuma ɗanta yakan ɗauki shekaru kafin shi ma ya fara hayayyafa.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973, ita ce ke taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana tsakanin ƙasashe, kuma ungulu na cikin waɗanda ta shafa. Najeriya ta kafa tata dokar a 1985, aka yi mata kwaskwarima a 2016 domin ƙara tsananin hukunci.

Baƙo da mai mamaya

Ba kowace bishiya da ke gari ce 'yar asalin ƙasar ba. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, daga yankin Indiya aka kawo shi. Baƙo ne, amma ya yi amfani wajen ba da inuwa da tare iska.

Mai mamaya kuwa shi ne wanda ya yaɗu har ya danne sauran, ko baƙo ne ko ɗan gida. Ciyawar kacalla a fadamun Haɗeja da Nguru misali ce. Bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa, yadda ruwa ke hawa da sauka a shekara ya sauya, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. Wannan yanki ne kuma dubban tsuntsayen Turai ke sauka a cikinsa da hunturu, kuma tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000.

Alkintawa ba hana amfani ba ce

Mutane da dama idan suka ji batun kare namun daji sai su tuna Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956. Keɓe daji hanya ɗaya ce, ana kiranta karewa a mazaunin asali. Ajiye dabba a gidan zoo ko wurin kiwo na musamman kuma karewa ce a wajen mazauni.

Hanyoyin biyu kan haɗu. An ayyana mariri, dabbar hamada mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, a matsayin wanda ya ƙare a daji a shekarar 2000. Daga waɗanda aka kiwata a tsare aka fara mayar da shi dajin ƙasar Chadi a 2016, kuma a ƙarshen 2023 IUCN ta sauko da shi daga wancan mataki.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar gari shi ne na raƙuman dawan Kouré, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin gero da wake suke yawo. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Da aka hana farautarsu aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin harkar, suna samun kuɗin rakiyar baƙi da tallafi, sai adadin ya haura 600. A 2018 har an ɗebi takwas an kai su gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi domin kafa sabon garke.

Abin da ke hannun mazauna birni

Fiye da rabin 'yan Najeriya yanzu a birane suke zaune, saboda haka makomar tsuntsaye da itatuwa da yawa a hannun masu yanka filaye da hukumomin tsara birane da masu gidaje take.

Masana na ba da shawarar a bar tsofaffin manyan bishiyoyi a makarantu da maƙabartu da harabar ma'aikatu, domin itacen da ya shekara ɗari ba a maye gurbinsa da dashen bana. Idan za a yi dashe, a haɗa da itatuwan gida irin su tsamiya da ɗorawa da kanya da maɗaci. A daina zuba guba a mushe don kashe karnuka ko kuraye, domin ungulu ce ke fara sauka a kai. A kuma guji sayen duk wani haɗi da aka ce akwai sassan ungulu a ciki.

Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana aiki da masu maganin gargajiya kan su koma amfani da tsirrai a maimakon sassan tsuntsun. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos kuma tana horas da matasa kan ƙidayar tsuntsaye, aikin da mai wayar hannu ma zai iya taimakawa a ciki ta hanyar ɗaukar hoto da rubuta inda ya ga tsuntsu da ranar da ya gan shi.

Asabar ta farko a watan Satumbar kowace shekara ce ranar wayar da kai kan ungulu a duniya.